Tsohon Gado Ba Itacen Wuta Ba Ne

Dawa ta shiga rumbu, masara ta shiga buhu, wanda ba shi da fadama ko filin rani kuwa hannunsa ya ɗan sami sarari. Yanzu ne lokacin gyaran gida, a yi yaɓe, a sake jinka, a fitar da tarkacen da ya cika ɗaki. Saboda haka a wannan fitowa za mu ajiye zancen iri da taki, mu yi magana a kan wani abu da ke jingine a bayan ɗaki a gidaje da yawa, daga Badafi har Doguwa, watau tsohon gado.

Kowa ya san irinsa. Gadon da aka kawo uwargida da shi ne, ko na tsohuwa da ta riga mu gidan gaskiya. Ƙafa ɗaya ta karye, ko noti ya ɓace, ko kuwa an sayo sabo aka fitar da shi. Ya yi damina biyu a waje, kaji suna kwana a kai. Ƙarshensa ɗaya ne cikin biyu. In na katako ne, ranar da itace ya yanke sai a faskara shi a tuƙa tuwo. In na ƙarfe ne, 'yan gwangwan su zo su ɗora a sikeli, su ba da kuɗin da ba zai kai kasuwa ta gaba ba.

Mu dai a ganinmu wannan hasara ce, ba ƙarama ba. Tsohon gado, da tsohon ƙyaure, da kwabar da madubinta ya fashe, katakon da ke jikinsu ya fi wanda za ka saya yau da kuɗinka. Abin da ya fi dacewa da shi kuwa, a yi benci da shi a sa a zaure.

Bari mu fara da katakon kansa. Da yawa cikin gadajen nan an saye su ne a shekarun da kuɗi ya ɗan zauna a hannun mutane. Kakanninmu sun saya da kuɗin gyaɗa da auduga, kafin cutar da ta lalata gyaɗa a 1975. Malaman makaranta da sauran ma'aikata kuwa sun saya da kuɗin Udoji na wannan lokacin. A zamanin nan kafinta yana da zaɓi. Yana samun maɗaci, yana samun loko da ake kawowa daga Kudu, daga manyan itatuwa da suka daɗe a daji. In an ce falanki inci ɗaya ne, to inci ɗaya ne cif. Ga kuma abin da kuɗi ba ya saya: katakon da ya yi shekara 40 ko 50 a ɗaki ya riga ya bushe sarai. Ya sha hunturu, ya sha damina, ya kumbura ya motse har ya gaji. Da wuya ya ƙara murɗewa. In kuwa har yau gara ba ta cinye shi ba, ai ya ci jarrabawa.

Ka je 'Yan Katako a Na'ibawa, a bakin hanyar Zariya, ka nemi busasshen maɗaci mai faɗin inci 12, ka ji kuɗinsa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, duk abin da mota ke ɗaukowa daga Ondo ko Edo ya ƙara tsada, katako kuwa kaya ne mai nauyi. Bayan ka saya sai ka biya mota zuwa Kwanar Dangora, sa'an nan ka biya mai babur ko amalanke zuwa gida. Abin da talaka yake iya kaiwa gare shi farin katako ne mai taushi, sau da yawa ma ɗanye, wanda za ka kafa yau, kafin Kirsimeti na baɗi ya lanƙwashe ya tofar da ƙusarsa.

Gadajen da ake kai amare da su yanzu kuwa, da yawa ba katako ba ne sam. Garin katako ne aka cuɗa da gam, aka matse ya zama allo, aka lulluɓe shi da leda mai sheƙi. Ranar kai amarya ba abin da ya kai shi kyau. Amma bari rufi ya yi yoyo, ko yaro ya ɓarar da ruwa a gindinsa, sai ka ga ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi. In ka kwance shi za ka tashi gida, ramin ƙusar ba ya sake riƙewa. Irin wannan in ya mutu ya mutu ke nan, ba a yin kome da shi, ko a murhu ma hayaƙinsa ba shi da kyau saboda gam ɗin da ke ciki. Ba muna zagin iyayen da suka saya ba ne, gama abin da ke kasuwa shi suka samu. Muna so ne a gane cewa tsohon gadon da ke bayan ɗaki, ba a ƙara yin irinsa domin talaka. Wanda ya ƙone nasa ba zai mayar ba.

Ina itatuwan suka tafi? Dattawanmu na Tudun Wada da Doguwa sun fi mu sani. Suna iya nuna maka gona su ce a nan dā kirya ce da marke da doka, rana ba ta taɓa ƙasa. Kirya ta tafi a turmi da gawayi. Maɗacin bakin hanya an ɓare shi domin magani har ya bushe a tsaye. Madobiya kuwa labarinta ya kai ƙasashen waje. 'Yan kasuwa sun yi ta yanka ta a Taraba da Adamawa da Kogi, ana loda ta a tirela zuwa Legas, daga can a jirgin ruwa zuwa ƙasar Sin, inda ake yin kujeru masu tsada da ita. Abin ya yi yawa har a 2017 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ke tsarewa, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya. Ka ga abin mamaki. Baƙo ya ƙetare teku ya biya kuɗi mai yawa domin katako mai nauyi na ƙasarmu, mu kuwa muna da irinsa a bayan ɗaki, muna tura shi ƙarƙashin tukunya.

Babban dajin da ya rage mana a wannan yanki shi ne Falgore. Tun zamanin Turawa aka keɓe shi da sunan gandun dajin Kogin Kano, a 1969 aka mai da shi gandun namun daji, faɗinsa wajen hekta 92,000. Ta cikinsa Kogin Kano ke bi kafin ya zuba a madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. In daji ya yi sanƙo, ruwan sama yakan kwashe ƙasa ya kai ta cikin dam, mai noman rani a Kadawa shi ma ya ji a jikinsa. Ba za mu ruɗe ku mu ce benci ɗaya zai ceci Falgore ba. Abin da ke cin daji itacen girki ne da gawayi da sabuwar gona, wannan kuwa magana ce ta wata rana. Amma mutumin da ya san shekarun da maɗaci ke yi kafin ya ba da falanki mai faɗin tafin hannu biyu, wanda kaka ke shukawa jika ya yanka, ba zai faskara shi domin tuwon dare ɗaya ba.

To, don me benci, don me kuma zaure?

Domin zaure shi ne fuskar gida. A nan baƙo ke yin sallama. A nan mai unguwa ke tsayawa, da mai sayen hatsi, da malamin gona, da masu neman aure. Maƙwabtanmu Musulmi, saboda girmama gida, ba za su wuce zaure su shiga wurin iyali ba, ko da mun ce su shigo. Saboda haka duk zumuncin da ke tsakaninmu da su, gaisuwar suna da ta'aziyya da barka da salla da barka da Kirsimeti, a zaure yake zaune. Rigimar iyakar gona, ko shanu sun shiga dawa, in an sami wurin zama aka kawo ruwa a kwano, rabinta ya mutu tun ba a fara ba. In kuwa a tsaye aka yi ta a bakin ƙofa, kowa da rana a kansa, ƙarshenta sai wurin dagaci ko ofishin 'yan sanda. Muna lura da sababbin gidajen bulo da samarinmu ke ginawa in sun dawo daga birni, sai katanga da ƙofar ƙarfe, babu zaure. Baƙo ya buga ƙarfe ya tsaya a titi kamar mai bin bashi. Wannan ba ci gaba ba ne. Ko rumfa ce ta kwano biyu a yi a bakin ƙofar, a sa abin zama.

Wani zai ce, ai tabarma ta isa, a kanta iyayenmu suka zauna. Gaskiya ne, ba mu kuwa ce a naɗe tabarma ba. A shimfiɗa ta a tsakiya, benci yana jikin bango. Amma ku dubi Baba in zai tashi daga tabarma. Sai ya dafa ƙasa, ya dafa gwiwa, ya nemi sanda, wani lokaci sai an kama shi, shi kuwa ba ya so a kama shi a gaban baƙi. Akwai tsofaffin da suka daina fitowa zaure ba domin kome ba sai domin wannan. Suna ɗaki, ana yanke shawarar gida ba su. Haka mace mai ciki da ta dawo daga rijiya ko daga niƙa, tana bukatar inda za ta zauna ta sauke numfashi kafin ta shiga. Kai ma maigida, in ka dawo daga gona da damina, ƙafa duk caɓi, a nan za ka zauna ka tuɓe takalmi, maimakon ka kai wa uwargida laka har tsakar gidan da ta share.

Dakali fa? Dakali abu ne mai kyau, ƙasa ce da ruwa da ƙarfin hannu, ba ka biya kowa ba. Wanda yake da shi ya riƙe abinsa. Aibinsa dai ba ya tashi. Ba ya bin inuwa, ba ya zuwa gidan biki ko gidan makoki, kowace shekara kuma sai an yi masa yaɓe. Benci kuwa yara biyu sun ɗauke shi.

Babban abokin gabar bencinmu kujerar roba ce. Ba ta da nauyi, ana jera goma a kusurwa ɗaya, ruwa ba ya cin ta. Mun yarda. Amma ku faɗa mana, kujerar roba nawa kuka gani ta shekara biyar a zauren ƙauye? Rana da hunturu suna busar da ita, ranar da babban baƙo ya zauna ranar ƙafar baya za ta buɗe. A ɗinke ta da waya, a ɗora ɗaya a kan ɗaya, daga nan sai bola. Mutum ɗaya take ɗauka. Bencin ƙafa shida yana ɗaukar manya huɗu, yara kuwa sai an kore su. In ya karye ƙusa biyu ce.

Sauran magana ɗaya, wadda ba a faɗa a fili, ita ce kunya. Kada a ce wane ya talauce, har gadon uwarsa ya fito da shi zaure. Wannan kunya baƙuwa ce a wurinmu. Mu ne muke yanka tsohuwar taya mu yi takalmi, mu yi guga da tsohon tif, mu yi fitila da gwangwanin madara, mu narka gwangwanayen lemo mu zuba tukunya. Turmi in ya tsage ba a yar da shi, kifa shi ake yi ya zama kujera. Ba wanda ya taɓa kiran wannan talauci, dabara ake ce masa. Yaushe muka koyi cewa abu ba shi da daraja sai yana cikin leda? A manyan biranen Turai da Amurka akwai shagunan da ba su sayar da kome sai kayan da aka yi da tsohon katako, masu kuɗi ne kuwa ke saye. Ba domin su za mu yi ba, amma mai jin kunya ya sani.

Yanzu ga wurin da muke so maza su buɗe kunne sosai. Gadon nan na wane ne? A al'adarmu, kayan ɗaki iyayen amarya ne ke yi. Gado da katifa da kwaba da kwanuka, uban yarinya da uwarta da gwaggonninta ne suka sayar da akuya da hatsi suka haɗa. Watau gadon nan ba naka ba ne, maigida, ko da ya shekara 30 a gidanka, ko da kai ka sayo sabon da ya maye gurbinsa. Dukiyar matarka ce. In kuwa ta rasu, na magadanta ne, 'ya'yanta mata kuma sukan fi kowa ƙulafucinsa. Zaure kuwa wurin maza ne. Ka ga ke nan, in ka ɗauki gado ka kai wa kafinta ba ka tambaya ba, ka kwashe dukiyar mace ka kai inda maza ke hira. Benci zai yi kyau, amma duk ranar da ta wuce ta zauren za ta tuna.

Saboda haka a tambaya, tambaya ta gaske, irin wadda ake iya amsawa da a'a. Ka ce, "Uwargida, gadon nan da Baba ya yi miki, ruwa yana cinsa a banza. In kin yarda a yi benci da shi. In sayarwa za ki yi, faɗi kuɗinsa in biya." In ta ce a biya, a biya, kada a yi dariya. In ta ce ita a ƙofar ɗakinta take son bencin, inda take tsinar shinkafa ta karɓi 'yan'uwanta na zumuntar mata, to nata ne, a can za a sa. Sau da yawa ma gado ɗaya yakan ba da benci babba da ƙaramar kujera, kowa ya samu. Akwai kuma wadda za ta ce a bar mata abinta yadda yake, gama shi kaɗai ya rage mata daga hannun mahaifinta. Wannan ba gardama ba ce. A ɗauke shi daga ruwa, a jingine a inuwa a kan duwatsu, a bar maganar. Ku kuma iyayenmu mata, kada ku jira sai maza sun fara. Ku ne kuka san abin da ke bayan kowane ɗaki a unguwa.

Haka yake ga kayan jama'a. Majami'u da yawa sun koma kujerun roba, tsofaffin bencuna suna tare a bayan ɗakin sujada, gara tana aikinta. Cikin uku da suka karye ana iya fitar da biyu masu ƙarfi. Amma na ekklesiya ne, ba na mai gadi ba, ba na wanda ya riga gani ba. A kawo maganar gaban dattawa, a rubuta a littafi, a sayar da kuɗi kaɗan ko a ba gwauraye da tsofaffi, kowa yana gani. Teburan makarantar firamare kuwa, ko sun karye, kayan hukuma ne, kuma 'ya'yanmu na zaune a ƙasa a azuzuwa da yawa. Wanda ya ga ana iya gyara su, ya gyara su a can inda suke, tare da hedimasta da ƙungiyar iyaye. Kada mu ga teburin makaranta a zauren ɗan ƙungiya.

In an sami izini, sai a duba katakon. A ƙwanƙwasa shi da bayan wuƙa. Mai lafiya yana amsawa da ƙarfi, wanda aka cinye cikinsa kuwa sai ka ji kamar ganga. A soka tsinin wuƙa a ƙafafu da wuraren da suka taɓa ƙasa. Inda wuƙa ta shige, a yanke a yar, wannan kam na murhu ne. In ka ga ƙananan ramuka suna zubo gari kamar na tuwo, ƙwaro yana ciki har yanzu. Tsohon gado kuma gidan kuɗin cizo ne. A kwance shi gaba ɗaya, a kwarara tafasasshen ruwa a kowace gaɓa da kowane rami, a shanya a rana kwana uku ko huɗu ana juyawa. Kada a yi masa wanka da fiya-fiya ko maganin feshin gona. Abin da yara za su hau su kwanta a kai ne.

A yi hankali da tsohon fenti. Fentin mai na dā, da yawansa akwai dalma a ciki, ƙurarta kuwa guba ce ga ƙananan yara, tana taɓa ƙwaƙwalwa. Mun ji abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Na fenti bai kai wannan yawa ba, amma dafin iri ɗaya ne. In fentin yana nan daram, a bar shi, a shafa sabo a kai. In yana ɓarewa, a jiƙa shi da ruwa a kankare a waje, nesa da madafa da rijiya, a tattara abin da ya zuba a binne. Kada a goge shi a bushe, kada a babbaka shi da wuta, kada yara da masu ciki su tsaya a wurin.

Aikin kansa ba shi da wuya, gama gado ya riga ya yi rabin siffar benci. Fuskar gadon, watau allon wajen kai, ita ce majingina, da ƙafafunta biyu. Allon wajen ƙafa a raba shi biyu daga sama zuwa ƙasa, rabi ya koma dama, rabi hagu, su zama hannuwan benci da ƙafafun gaba. Dogayen katakan gefe a yanka daidai faɗin fuskar, ɗaya a gaba ɗaya a baya, su ɗauki nauyi. Katakan da katifa ke kwanciya a kai su ne wurin zama. Gado mai faɗin ƙafa huɗu da rabi yana ba da bencin mutum uku. Tsayin wurin zama daga ƙasa ya zama inci 17 ko 18, in ya gaza haka mun koma wahalar tabarma. Faɗinsa inci 14 zuwa 16 ya isa. Wanda ba shi da abin awo ya sa Baba ya zauna a kan turmi ko buhu, a ga inda tafin ƙafarsa ya taka ƙasa sosai, a yanki kara daidai nan.

Ƙyaure ya fi sauƙi. A tsaga shi biyu a tsaye, rabi wurin zama, rabi majingina, ko kuwa a yi benci biyu marasa majingina. In tsawon ya wuce ƙafa huɗu, a sa ƙafa a tsakiya. Abin da ke kashe benci ba nauyi ba ne, rawa ce. Saboda haka a sa katako a karkace ya tokare ƙafa da wurin zama a kowane gefe. Tsohon maɗaci yana da tauri, in ka buga masa ƙusa kai tsaye ko ta lanƙwashe ko ya tsage. A fara huda shi, ko da ƙarfe ne mai zafi daga maƙera. Inda nauyi yake, noti ya fi ƙusa. Da rani ake wannan aiki, lokacin da katako ya motse iyakar motsewarsa, in damina ta zo sai gaɓoɓin su ƙara kamawa. Domin wannan kumburi ne kuma za a bar ɗan tsakani, kamar kaurin ƙusa, tsakanin katakan wurin zama. Gadon ƙarfe, irin su Vono da mai rumfa, wannan aikin mai walda ne: ya rage faɗinsa, a ɗora falanki a kai.

Zaurenmu na ƙasa ne, gara kuwa ba ta barci. Kada ƙafar benci ta taɓa ƙasa, a ɗora kowace a kan falalen dutse ko gutsuren bulo. Kada a manna shi da bango, a bar tsakani kamar faɗin hannu. In za a shafa baƙin mai, a ƙasan ƙafafu kaɗai, ba inda jiki ko riga ke taɓawa ba. Duk ranar shara a ɗaga shi a duba. Ƙarƙashinsa wuri ne mai kyau na takalma da fartanya da igiya. Amma muna roƙonku, kada a ajiye maganin ciyawa ko na ƙwari ko injin feshi a nan. Mun sha ganin haka a zauruka, a daidai inda yaro mai rarrafe ke kaiwa. Waɗannan sai wuri mai tsawo da kwaɗo.

Saura aikin ƙungiya. Kafintoci ba su son tsohon katako, suna kuwa da hujja: ƙusar da ta ɓuya a ciki tana karya haƙoran zarto, aikin yana cin lokaci, mai kaya kuma yana so ya biya rabin kuɗi domin wai katakon nasa ne. In mutum ɗaya ya je da gado ɗaya, sai a ce ya dawo jibi, jibin da ba ta zuwa. Amma in ƙungiya ta tara gado shida ko takwas a wuri ɗaya, ta kira kafintan garin, ta yi ciniki da shi na kwana uku da abincinsa, zai zo. A biya shi hakkinsa cikakke, a ƙara masa kuɗin wasa zarto. Abin da ya rage daga gadon wani ya cike na wani, gama wani ƙafa ya rasa, wani falanki. A haɗa shi da samari biyu ko uku cikin waɗanda ba su tafi cirani ba, su riƙe masa, su ga yadda ake yi. Ƙusa da noti a saya a dunƙule daga asusu, kowa ya biya nasa kaso, ma'aji ya rubuta.

Muna so shugabannin ƙungiyoyi na Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa su sa wannan magana cikin taron wata mai zuwa, a kuma gayyaci mata su zauna a taron, tun da yake kayansu ake magana a kai. A sa rana kafin ƙarshen Maris, gama da Afrilu ta kama hankalin kowa ya koma sharar gona. Ƙungiyar da ta sa rana ta sanar da malamin gona na yankinta, za mu zo da abin awo. Kowa ya zo da gadonsa a kwance, an wanke an shanya, an zare ƙusoshin da ake gani. Kada a zubar da su. A miƙe su a kan dutse, a zuba a gwangwani, a zo da su.